Saki Uku a Kasuwa Uku

Mijin ƙanwata ba haifaffen ƙasarmu ba ne. A zangon Kumasi aka haife shi, inda ubansa, wani mutumin Kudan, ya je fataucin goro bai dawo ba. Bayan uban ya rasu, a shekarun farko na mulkin kai, sai ya tattara ya taho neman dangi. Dangin da ya samu kaɗan ne, su ma ba su san abin da za su yi da shi ba, don bai iya riƙe fartanya ba, kuma Hausarsa ta Gwanja ce, mace ma "ya zo" yake ce mata. Duk inda ya buɗe baki sai a yi dariya. Da wani ne da ya ji kunya ya gyara bakinsa. Shi kuwa sai ya ga sana'a ta samu.

Can Kumasi ya taɓa bin masu wasan kwaikwayo, ya fara da ɗaukar musu kaya, har ya kai ga shiga fili. Da ya zauna a Makarfi sai ya fara tsara nasa wasannin. A lokacin malaman gona suna fama da mutane a kan takin zamani, ana yi musu bayani ba sa saurare. Sai suka ga in ɗan Gwanja ya tsaya a kasuwa, mai sayar da rake ma barin rakensa yake yi ya matso. Suka riƙa ɗaukarsa a motarsu suna kai shi kasuwanni, ya yi wasa, su kuma su biyo da bayani.

Ni a lokacin ina koyar da manya karatu a ajin yaƙi da jahilci. Elementare kawai na yi, amma rubutuna yana karantuwa, nasa kuwa shi kansa sai ya tsaya ya yi tunani. Don haka ni nake kwafe masa wasa, ranar wasa kuma in tsaya bayan zana da takarda, wanda ya manta maganarsa in tuna masa. Ta nan ya san gidanmu na Kudan, ta nan ya ga ƙanwata. Baffa, ƙanen mahaifinmu wanda ya riƙe mu bayan rasuwarsa, bai so auren ba. Ya ce bai ga yadda zai ba da 'ya ga mutumin da sana'arsa ita ce ya mai da kansa wawa ba. Amma ya san uban yaron tun suna yara, ita kuma tana so, sai ya bari. Suka zauna a Makarfi, gidansu kusa da nawa. Zamansu lafiya lau, sai dai surutu. Ita ma bakinta ba ya hutawa, kuma rabin abin da yake ba mutane dariya da shi a kasuwa a tsakar gidansa ya tsince shi.

Ni yayan matarsa ne, ya kamata a ce akwai 'yar kunya tsakaninmu. Bai san wannan ba, ko ya sani bai damu ba. Yaya Malam yake ce mini, kuma ko gaisuwa ce sai ya sa mata wasa.

Wata bazara ya kawo mini sabon wasa in kwafe. Labarin manomi ne da aka ba shi takin zamani ya ajiye a ɗaki bai faɗa wa matarsa ba. Ita ta ga abu fari ta ɗauka gishiri ne, ta zuba a miya. Ya ci loma ɗaya, rigima ta tashi, ya sake ta, sannan malamin gona ya shigo ya yi bayanin yadda ake ajiye taki. Ina cikin kwafa na kai inda mijin zai kira matar, sai na ga sunan ƙanwata.

Na ce, "Wannan sunan fa?"

Ya ce, "Suna ne mai daɗi."

"Sunan matarka ne."

"Shi ya sa na tabbata ba zan manta shi a fili ba, Yaya Malam. Ka ga na rage maka aiki."

Na ajiye alƙalami na yi masa bayani a hankali. Na ce abu biyu ne. Na farko, a ƙasarmu namiji ba ya kama sunan uwargidansa a gaban mutane, balle a kasuwa. Na biyu, kuma shi ya fi tsorata ni, tun muna makarantar allo muke jin malamai suna cewa ba a wasa da saki, wanda ya furta shi da wasa ya furta. Ga shi kai ne za ka fito a mijin, da bakinka za ka kira sunan matarka ka ce ka sake ta.

Ya ce, "Ai ba ita ce a filin ba. Wanzami ne."

Gaskiya ne, mata ba sa shiga wasanmu. Wani wanzami ne yake fitowa a mace, ƙaton mutum mai gashin baki, da murya kamar ta ɗan kamasho. Amma zanen da zai ɗaura na ƙanwata ne, wata atamfa mai zanen tsuntsaye da ɗan Gwanja ya taho da ita daga Kumasi. Duk yankin babu mai irinta, kowa ya san ta wace ce.

Na ce a sake suna, a ari zanen wata. Ya ce an riga an yi gwaji, wanzami ya saba, in an sake masa suna ba zai amsa ba. Na je wurin ƙanwata, ina zaton ita za ta tsorata. Tana tankaɗe ta ce, "Yaya, kai ko ruwa za ka sha sai ka leƙa ƙasan moɗa. In an saki wanzami ya koma gidan ubansa, ina ruwana?"

An fara yin wasan a kasuwar Makarfi. Ban taɓa ganin dariya irin ta ranar ba. Da wanzami ya fito yana rangwaɗa cikin atamfar nan, wasu suka zauna a ƙasa. Da mijin ya kira sunan kuwa sai filin ya ɗauka gaba ɗaya, don ba su taɓa jin namiji ya kira matarsa haka gatsal ba. Sannan ya tofar da tuwon, ya nuna wanzami da yatsa, ya ce, "Na sake ki." Wanzami ya ɗora hannu a ka ya fasa kuka. Ni ina bayan zana riƙe da takarda.

Ana tashi na ja shi gefe, na ce ko da wasa ne, ya ce ya mayar da ita, a gaban shaidu, don mu fita daga shakka. Ya dube ni kamar na ce ya ɗauki jaki a ka. Na nace. Sai ya kira wanzami da direban motar malaman gona, ya dafa ƙirji ya ce, "Ku shaida, na mayar da matata, don Yaya Malam ya samu ya ci abinci." Suka yi dariya. Ni dai na ji ɗan sanyi, na ce a raina ko ya auku, ɗaya ne, kuma an gyara.

Ban san za a kai wasan wasu wurare ba. Malaman gona suka ce tunda ya karɓu haka, sai Ikara, daga nan Kudan.

Kafin Ikara na je masa da shawarwari. Na ce mijin ya yi fushi kawai ya fita. Ya tashi ya gwada a tsakar gida, ya ce, "Ka ji? Lami ne, ba gishiri." Na ce to ya ɗaga hannu kamar zai yi rantsuwa, malamin gona ya shigo ya katse shi. Ya ce zai duba. Na gane wannan "zan duba" ɗin, haka yake ce wa mai neman ya zo cin abinci in ba shi da niyyar zuwa. A Ikara ya faɗi maganar sakin kamar yadda ya faɗa a Makarfi, har da ƙarin tsalle. Na sake tara masa wanzami da direba, ya sake mayar da ita. Wannan karon ban bar shi ya sa wasa ba.

A hanyar komawa, muna bayan mota a kan buhunan taki, na ce masa, "Biyu ke nan. Ka san abin da ke bayan biyu."

Ya ce, "Uku."

"In ka cika uku babu kome. Sai ta auri wani, ya sake ta don kansa, sannan ka ganta. Ƙanwata ce, ba abin wasanka ba ce."

Wataƙila muryata ce ta canja, don ya bar wasa. Can ya ce, "Shi ke nan, Yaya. A Kudan ba zan faɗa ba. Ka sake kwafa yadda kake so." Na sake kwafa, na sa wa matar wani suna, na cire maganar sakin, na zauna da wanzami muka yi ta maimaitawa har ya riƙe. Zane ma na aro na wata tsohuwa, amma bai zagaye wanzami ba, dole aka koma kan atamfar.

Abin da ban lissafa ba shi ne labari ya riga mu isa. 'Yan kasuwar da suka gani a Makarfi da Ikara sun ba da shi a Kudan kaf, har da yadda ake nuna yatsa. Ga shi garin matar ne, kowa yana so ya ji da kunnensa. Ƙanwata ma ta biyo mu a motar don ta ga gida, muka sauke ta ƙofar gidan baffa muka wuce kasuwa.

Wasa ya tafi daidai har aka kai wurin. Ya kira matar da sabon suna, sai na ji filin ya ɗan yi sanyi. Ya tofar da tuwo, ya yi faɗa, ya juya zai fita kamar yadda muka shirya. Babu wanda ya yi dariya. Wani mahauci daga baya ya ce, "Ba haka aka yi a Ikara ba." Wani ya ce, "Ya ji tsoron surukai." Sai aka fara kiran sunan ƙanwata daga nan da can, ana cewa ya ƙarasa. Na ga wasu na gefe sun fara juyawa za su koma rumfunansu.

Na daɗe da sanin cewa mutumin nan yana iya jure yunwa da zagi, amma ba ya iya jure ganin ƙeyar mai kallo. Ya tsaya a tsakiyar fili. Ya waiwayo wajen zana, muka haɗa ido ta wata kafa, na girgiza masa kai. Ya juya, ya nuna wanzami da yatsa, ya kira sunanta, har ya ƙara da "'yar Kudan", ya furta sakin.

Dariyar da aka yi ta fi ta Makarfi. Ni ban tsaya bayanin malamin gona ba, na nufi gida, amma wani abokin baffa da ke sayar da igiya ya riga ni. Na tarar da baffa a zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yarinya tana gidan ubanta, kuma nan za ta zauna. Ka faɗa wa ɗan wasan."

Bayan 'yan kwanaki aka zauna a zauren da hantsi. Baffa ya kira limamin unguwarmu, tsoho mai tsanani. Ni kuma na roƙa aka bar ni na ɗauko wani malami daga Kurmin Kogi, Bafulatani mai sanyin magana, wanda mutane ke kai wa matsalolin aure da gado. Ɗan Gwanja ya zo da wanzami. Ƙanwata tana daga ciki, bayan ƙofa.

Malamin Kurmin Kogi ya ji labarin duka, ya ce a ganinsa babu saki. Ya ce mai ba da labarin wani ba shi ne mai maganar ba. Su kansu malamai kullum suna karanta wa ɗalibai kalmomin saki a darasi, matansu kuma suna nan.

Liman ya ce, "Muna karantawa. Amma ba ma sa sunan matanmu a ciki, ba ma kuma ɗaura wa ɗalibi zanensu."

Wanzami ya ce, "Allah gafarta malam, ni aka nuna da yatsa. In akwai idda ni zan yi, a bar baiwar Allah ta koma ɗakinta."

Baffa ya ce, "Kai, nan ba kasuwa ba ce."

Sai liman ya juyo ga ɗan Gwanja ya ce ya ji an ce bayan Makarfi ya tara shaidu ya yi kome, haka ma bayan Ikara. Ya ce, "In ba ka ɗauke shi saki ba, me ka mayar?" Na yi sauri na ce ni na sa shi, don ihtiyaɗi kawai, a fita daga shakka. Liman ya ce, "To kai ma ka ga abin da na gani ke nan." Abin da na yi don in tsare auren shi aka ɗauko aka dafa. Ko yau aka sake, abin da zan ce ya yi ke nan, don ba ni na kai wasan kasuwa uku ba, amma a zauren nan na ji kamar in fita in yi ta tafiya.

Malamin Kurmin Kogi ya kawo mafita. Ya ce tunda maganar ta koma kan abin da ke zuciya, mai ita ya yi alwala ya rantse cewa lokacin da ya furta ba matarsa yake nufi ba. Liman ya ce in ya rantse shi ba zai ja ba. Baffa ma bai musa ba. Na fita da ɗan Gwanja wajen buta, ina zuba masa ruwa ina cewa, "Ka ji dai abin da za ka faɗa. Kada ka ƙara ko kalma."

Ya dawo ya durƙusa. Mutumin da bai taɓa yin magana ba tare da wasa ba, ranar nan ya ga dama ya yi da gaske. Ya ce, "Allah gafarta malam, zan rantse ban yi nufin rabuwa da ita ba, ko a mafarki. Amma in aka ce in rantse ba ita ce a raina ba, ba zan iya ba. Duk sanda na shiga fili ita nake gani. In na dubi wannan," ya nuna wanzami, "na ga wanzami, wasan ba ya tashi."

Malamin Kurmin Kogi ya ce rantsuwar farko ta isa. Liman ya ce shi kam ya ji abin da ya ji. Suka rabu kowa a kan bakansa, cikin ladabi, har liman ya raka shi bakin hanya. Baffa ya ɗauki maganar liman, don dama ita yake so.

Daga bayan ƙofa ƙanwata ta ce, "Baffa, ni ba za a tambaye ni ba?"

Ya ce, "Ke aka saka, ba ke kika saka ba."

Daminar nan duka a hanya na yi ta. In na tashi daga aji sai in hau keke. Na je wurin wani malami a Taba, ya ce babu saki, amma a ja wa mutumin kunne. Na je wurin wani a Ikara, ya ce a nisanci abin da ake shakka. Wani ya ce in kawo mijin, na kawo shi, suka ɓuge da hirar Kumasi da farashin goro, muka tashi ba a ce komai ba. Duk wanda ya ce babu saki, in na kai wa baffa sai ya ce bai san shi ba. Duk wanda ya ce akwai, kafin in dawo baffa ya riga ya ji. Na ce a kai gaban alƙali a yanke. Baffa ya ce ba za a ƙara kiran sunan 'yarsa a gaban taro ba, na kasuwa ya isa. Ɗan Gwanja shi ma ya ƙi, ya ce ba zai kai uban matarsa ƙara ba.

Sana'arsa kuma ta tsaya. Masu unguwanni suka fara ce wa malaman gona su zo da takinsu amma su bar ɗan wasan a gida. Matar wanzami ta hana shi sake ɗaura zane. In ɗan Gwanja ya ratsa kasuwar Makarfi sai a nuna shi da yatsa a faɗa masa maganar tasa, shi kuma, abin da ya fi ba ni haushi, sai ya tsaya ya gyara musu yadda ake nunawa. Ya gwada aikin rake a gonar wani, ya sare ƙafarsa. Na same shi kwance ya ɗaure ta da tsumma, yana rubutu a kan gwiwa.

Na ce, "Me kake rubutawa kuma?"

"Wasa. Labarin wani liman da wani wanzami."

Na fita ban yi masa sallama ba.

Da kaka wani da suka san juna tun Kumasi ya aiko masa cewa gidan rediyo a Kaduna suna neman masu wasa. Ya zo ya same ni, ya ce zai tafi, don nan babu abin da ya rage masa. Ya ce in faɗa mata zai kama ɗaki ya jira ta, shi a wurinsa matarsa ce. Ya so ya je Kudan sallama, baffa ya ce kada ya tako ƙofar.

A lissafin baffa idda ta cika. Masu nema suka fara aike. Ƙanwata ba ta yi kuka ba, ba ta yi rashin kunya ba, duk wanda aka ambata mata sai ta ce, "Matar aure ake nema?" Ta rame, surutun nan duk ya tafi. Wata rana na je na same ta tana sussukar dawa ita kaɗai a bayan gida. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Yaya, ka gama zagayen malaman?"

Na ce saura wani da aka kwatanta mini.

Ta ce, "Za ka gama su duka, in tsufa a nan. Malamin Kurmin Kogi jahili ne?"

"A'a."

"Maƙaryaci ne?"

"Subhanallahi."

"To ni maganarsa na ɗauka. Liman na baffa ne, wannan nawa ne. Ba zan gudu kamar ɓarauniya ba, kuma ba zan hau mota ni kaɗai ba. Kai za ka kai ni."

Na ce ta ba ni lokaci. Na sake komawa Kurmin Kogi, na tarar da malamin yana ba shanu dusa. Na tambaye shi, in na kai ta, alhaki a kan wa? Ya ce, "Ka tambaye ni wannan da damina, na ba ka amsa. Amsar ba ta canja ba. Aurensu yana nan, in akwai nauyi ni na ɗauka. Kai kuma ka bar zuciyarka ta huta, ba a son mutum ya yi ta tone abin da aka riga aka amsa masa."

Na dawo na durƙusa gaban baffa na faɗa masa abin da za mu yi, don ban yarda a yi a ɓoye ba. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce ita ba yarinya ba ce, ba zai ɗaure ta ba, amma in ta fita kada a ƙara kawo masa labarinta, ni ma in rage zuwa. Ta shigo ta durƙusa ta yi masa sallama, bai amsa ba. Matarsa ce ta biyo mu har bakin hanya da ƙullin daddawa da kuka.

Muka isa Kaduna da azahar. Ɗakin da ya kama ƙarami ne, babu komai sai tabarma da tulin takardu. Da ya gan ta ya miƙe, bakinsa ya buɗe, kuma karo na farko tun da na san shi bai sami abin faɗa ba. Ita ta fara magana. Ta ce, "Ina atamfata?" Ya ce tana wurin wanzami. Ta ce, "To ka ga abin da ya kamata a kai gaban liman."

Sun zauna tare har ƙarshen ransa, sun haifi 'ya'ya. Ya yi suna a rediyo, har mutanen da suka hana shi shiga unguwanninsu suka riƙa taruwa a shagon tela suna saurarensa, suna cewa ai namu ne, ɗan Kudan ne. Daga baya an buga wasu wasanninsa an kai makarantu. Baffa bai taɓa zuwa sunan ko ɗaya daga cikin 'ya'yan ba. In aka kai masa goron suna sai ya ce a ba yara. Har ya rasu ƙanwata ba ta sake shiga zauren nan ba, sai ranar ta'aziyyarsa. Ni ma tsakanina da shi bai koma kamar da ba, gaisuwar Sallah kawai.

Na riƙe maganar malamin Kurmin Kogi, kuma ita nake faɗa wa kaina in tunanin ya taso, don yakan taso. Wasan takin nan ɗan Gwanja ya sake yin sa a rediyo bayan wasu shekaru, na ji shi a Makarfi. Matar tana da wani suna daban, mijin kuma faɗa kawai ya yi ya fita, kamar yadda na kwafe masa kafin Kudan. Mutanen shagon tela suka yi ta dariya har da riƙe ciki, babu wanda ya ce wani abu ya ragu.

Da muka haɗu na ce masa, "Ashe wasan yana tashi ba tare da maganar sakin ba."

Ya ce, "A rediyo ba ka ganin ƙeyar kowa, Yaya Malam."

Na so in ce masa wani abu a kan baffa, da daminar da na yi a kan keke, da shekarun da matarsa ta yi ba ta ga gida ba. Kafin in haɗa maganar ya riga ya juya yana kwaikwaya wa yara tafiyar wanzami.